Yadda ake gyaran supap da mazauninsa idan an sauke kulas

A garejinmu nan Damagaram da wuya wata ya wuce ba mu sauke kulas ba, balle daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ko a inuwa. Hilux ce ta taso daga Agadas ta biyo Tanut, ko Hiace mai jigilar Magariya da Matamaye, ta yi zafi a hanya, direba ya ƙara ruwa ya ci gaba da tafiya, sai ta iso mana tana tari. Maganar mai mota guda ce: "Maigida, juwan kulas kawai za a canja, gobe ina da lodi." Da yawa cikinmu kuma haka muke yi. A canja juwan, wato shimfiɗar da ke tsakanin kulas da jikin inji, a ɗan shafa wa supap pat, wato man nan mai yashi, a murza, a rufe. Bayan sati uku motar ta dawo, ba ƙarfi, tana shan mai, mai ita yana ganin an cuce shi. Wannan abu yana damuna, domin kulas ɗin yana kan benci a gabanmu, lokacin duba shi ke nan, muka bar shi ya wuce.

Ga ƴan koyo da masu mota, bari in fara da sunaye. Kulas shi ne kan inji. Supap, wanda mutanen Kano ke kira bawul, shi ne ƙarfen nan mai kai kamar faifai da doguwar ƙafa, mai buɗe hanya da rufe ta. Akwai na shiga, wanda kansa ya fi faɗi, akwai na fita, mai sallamar hayaƙi. Zoben da kan supap ke zama a kai shi ne mazauni, siyej a bakin ƴan gareji. Bututun da ƙafar ke hawa da sauka a ciki kuma shi ne gid.

Idan inji na juyi 3000 a minti, kowane supap yana buɗewa ya rufe sau 25 a daƙiƙa guda. Na fita yana aiki cikin zafin da ke kai digiri 700 har ya wuce, kuma ba ruwan da ke taɓa shi. Mafi yawan zafinsa, kusan kashi uku cikin huɗu, ta mazauni yake sauke shi a ɗan lokacin da ya zauna. To idan bai zauna daidai ba, asara biyu ce: matsi yana zurarewa, shi kuma supap ba ya hucewa, har wuta ta ci gefensa ta yi masa giɓi.

Kafin ka kwance komai

Auna matsin kowace silinda tukuna, inji da ɗumi, ka rubuta. A injin esansi irin na Corolla, bambancin silinda da ƴar'uwarta bai kamata ya wuce bar 1 a ma'aunin matsi ba. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata ɗan cokalin man inji ta ramin buji ka sake aunawa. Idan matsi ya tashi, segma, wato zobban fistan, su ne suka gaji, gyaran supap kaɗai ba zai warkar da motar ba, kuma gara ka faɗa wa mai ita tun yanzu. Idan bai motsa ba, laifin na sama ne, supap ko juwan. Wannan gwajin na mai kada ka yi shi a injin gazuwal, man zai iya kamawa da kansa.

Bari inji ya huce sarai, ko da zai kwana. Kulas na alminiyom idan aka kwance shi da zafi yana iya lanƙwasa a hannunka. Cire batir, zubar da ruwa, kawo fistan na silinda ta ɗaya sama, ka tabbata alamomin distiribisiyo, masu daidaita buɗewar supap da juyin inji, sun hau juna kafin ka cire bel ko sarƙa. Notunan kulas daga gefe ake fara sassauta su ana shigowa tsakiya, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku.

Da kulas ya sauka, kafin ka taɓa supap ko ɗaya, jingina shi a gefe ka cika hanyoyin shiga da kananzir, ka zuba ido a kan supap ɗin. Juya shi ka yi wa hanyoyin fita haka. Inda ka ga danshi ko ɗigo, sa alama da alli. Minti goma ne, amma ya nuna maka inda ciwon yake tun kafin ka ɓata hujja.

Kwancewa

Nemi kwali mai kauri ka huda ramuka takwas ko goma sha shida gwargwadon injin, ka rubuta lamba, ka nuna gaba da baya. Kowane supap da ya fito, raminsa zai shiga. Resor ɗinsa, wato sifirin mai rufe shi, da hularsa da ƴan kilabet ɗinsa biyu, masu kulle hular a ƙafa, su shiga gwangwani ko leda mai lamba iri ɗaya. In injin mai ƙoƙo da pasti ne, wato ƙoƙon da ke kan resor da ɗan faifan daidaita giɓin supap, su ma haka. Kowane supap ya riga ya saba da gid ɗinsa da mazauninsa, in ka gauraya su ka ƙara wa kanka aiki ninki biyu.

Da na'urar matse resor ake cire su. Na san al'adar ɗora soket a buga da guduma, na yi ta a baya, na kuma daina. Tana lanƙwasa ƙafar supap ba ka sani ba, kilabet kuma ya yi tsalle ya faɗa cikin rairayi, ko ya sami idon yaro. Matse resor, ɗauke kilabet da ɗan maganaɗisu, sassauta a hankali. Idan supap ya ƙi zamewa ƙasa, kada ka tura shi da ƙarfi. Bakin ƙafarsa ne ya yi kaifi wajen mazaunin kilabet, goge shi da ɗan dutsen wasa mai laushi, in ba haka ba zai karce gid yana wucewa.

Sai wanki. Kankare baƙin gawayin da ya daskare a kan supap da burushin waya, amma ka kiyaye fuskar da ke zama da kuma ƙafar. Fuskar kulas ta alminiyom ba ta son takardar yashi mai kaushi ko wuƙa, da abin kankara marar kaifi ake binta. Ba a auna ƙarfe da datti a jikinsa.

Duba kulas ɗin kansa kafin ka kashe wa supap lokaci. Ɗora ƙarfen awo miƙaƙƙe a tsaye da a kwance da kusurwa zuwa kusurwa, kana zura kal, wato siraran fallayen ƙarfe na auna giɓi, a ƙarƙashi. A injin 4A-FE na Corolla iyakar lanƙwasa milimita 0.05 ce, manyan injunan gazuwal masu kulas na baƙin ƙarfe sun fi haka haƙuri, kowane da adadinsa a littafin kamfani. Haska fitila tsakanin mazaunin shiga da na fita, nan ne tsagewa ta fi fitowa, musamman a injin gazuwal da ya taɓa tafasa. In ka ga layi kamar gashi, a kai shi gwajin matsi kafin a ci gaba. Ba amfanin gyara mazauni a kulas ɗin da ruwa ke bi ta cikinsa.

Gid ne farko

Nan ne na fi son a tsaya, domin nan aka fi tsallakewa. Ina ɗan koyo aka ba ni kulas na wata Corolla. Tun hantsi nake murza supap har aka kira la'asar, tafin hannuna ya yi ja, layin da ke fuskar kowane ya fito fes, na zuba kananzir bai ɗiga ba. Maigidana ya zo bai ko dubi layin ba. Ya ɗaga supap ɗaya na fita kamar faɗin yatsa, ya kama kansa ya kaɗa hagu da dama, muka ji yana ƙas-ƙas. Ya ce, "Yaro, gid ɗin nan ya mutu. Abin da ka murza yau, gobe ba a nan zai zauna ba." Ranar na gane cewa gid ne ke riƙe supap a tsakiya. Idan ya yi sako-sako, supap zai riƙa sauka a karkace, yau ta nan gobe ta can, ya cinye mazaunin ya mai da shi kamar ƙwai, mai kuma ya riƙa bi ta gefen ƙafa yana sauka cikin silinda.

Gwajin hannu yana nuna wanda ya lalace ƙwarai, amma awo ya fi. Auna kaurin ƙafar supap da mikiromita, ma'aunin kauri, a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, a auna cikin gid, a cire wannan daga wancan. A yawancin ƙananan injunan Toyota sabon giɓi yana tsakanin milimita 0.025 da 0.065, iyaka kuma 0.08 ga na shiga, 0.10 ga na fita. In ba ka da abin auna cikin rami, ɗora agogon awo a gefen kan supap ka kaɗa, ko ka zura sabon supap ka ji bambanci. In da sabo ma yana rawa, gid ne.

Canjin gid a kulas na alminiyom sai an ɗumama shi zuwa digiri 80 ko 100, a cikin ruwan zafi ya fi, ba da harshen wutar walda a wuri guda ba. A auna tsawon da tsohon ya fito waje kafin a fitar da shi, a kafa sabon daidai nan, a bi cikinsa da abin gyara rami har ƙafa ta zame ba tare da rawa ba. In ba ka da kayan, kai wa masu injin gyaran ƙarfe, ba abin kunya ba ne. Ka dai riƙe wannan: duk gid ɗin da aka canja, dole a sake yanka mazauninsa, domin tsakiyar ta gusa.

Supap ɗin kansa

Mirgina ƙafarsa a kan gilashi, kai yana rataye a gefe. In kan yana rawa, ya lanƙwashe, yar da shi. Ba a miƙe supap. Injin da bel ɗinsa ya tsinke yana tafiya, musamman na gazuwal, ka zargi dukkansu har sai kowane ya wanke kansa.

Duba fuskar. Ƴan ƙananan ɗigo baƙaƙe marasa zurfi rodaji, wato murza supap a mazauninsa da pat, zai share su. Rami mai zurfi, ko kwarin da farce ke maƙalewa a ciki, sai injin wasa supap, wanda ke gyara fuskar a digiri 45, ko 44.5 kamar yadda Toyota ke so a injuna da dama, don bakin ya fara kamawa da kyau. Bayan wasa duba kaurin gefen kai. In ya sauka ƙasa da abin da littafi ya yarda, wanda a ƙananan injuna da yawa rabin milimita ne, ko ya yi kaifi kamar bakin wuƙa, ba zai jure wuta ba. Mai giɓi ko tsaga ba ya ma buƙatar shawara.

Wajen sayen sabo, ko a nan ko an aiko daga Kano, tafi da tsohon a hannu. Gwada tsawo, kaurin ƙafa, faɗin kai, da wurin kwarin kilabet. Araha ba ta ado, kuma supap na fita ba wurin neman sauƙi ba ne.

Mazauni

Mazauni mai kyau ba faɗi ake nema a gare shi ba. Siririn zobe ne, milimita 1 zuwa 1.4 a ƙananan injunan esansi, ya kusanci 2 a na gazuwal. In ya cika faɗi, ƙarfin resor yana bazuwa, gawayi ya samu wurin kwana, matsi ya zurare. In ya cika siriri, zafi ba ya samun hanyar fita, kuma yana saurin cinyewa.

Shi ya sa ake yanka shi da kusurwa uku. Ana zura sandar jagora cikin gid, abin yanka ya hau kanta. Fara da mai digiri 45, juyi kaɗan da hannu mai sauƙi, kullum ta gefe guda, har ƙarfe mai haske ya zagaye ba yankewa. Tsaya nan. Kowane juyi na ƙari nutsar da supap yake yi cikin kulas, kuma abin da ka yanke ba ya dawowa.

Sai ka ga inda yake taɓa fuskar supap. Shafa shuɗin gwaji siriri a fuskar, ko ka ja layuka da fensir kewaye da ita, ka saka supap ka danna da ɗan juyi kaɗan, ka fitar. Zoben ya kamata ya fito a tsakiyar fuska, ya zagaye cif. In ya hau sama kusa da bakin kai, yi amfani da mai digiri 30 ka rage shi ta waje, zai sauko. In ya yi ƙasa wajen ƙafa, mai digiri 60 zai rage shi ta ciki, ya hau. Da waɗannan biyun ake daidaita faɗi da wuri gaba ɗaya. In zoben ya kama gefe ɗaya ya bar ɗaya, mazauni bai hau tsakiyar gid ba, koma kan 45.

Mazaunin da ya tsage, ko ya saki a raminsa, ko ya nutse fiye da ƙima, canja shi ake yi: a ɗumama kulas, a sanyaya sabon zoben, a kafa shi da matsi. Wannan aikin masu inji ne. Na ga abin da zoben da ya fita yana tafiya ya yi wa fistan, ba na fatan kowa ya gani a motar da ya gyara. A injin gazuwal kuma a auna nutsewar kan supap daga fuskar kulas, domin in ya yi zurfi matsi zai ragu, motar ta riƙa wahalar tashi da asuba a lokacin hunturu.

Rodaji

Yanzu ne lokacinsa, bayan gid da fuska da mazauni sun daidaita. Rodaji gogewar ƙarshe ce, ba ya gyara abin da ya karkace. Ɗiga man inji a ƙafar supap. Ɗauki pat da tsinke ka ɗiga wuri huɗu ko biyar a fuskar kawai. In an yi sabon yanka, mai laushi ya isa, mai kaushi sai inda akwai ƴan ɗigo. Manna sandar mai roba a kai, ka murza tsakanin tafukanka gaba da baya, kamar mai burga miya. Bayan murza biyar ko shida ɗaga, juya rubu'i, sauke, ci gaba. Kunnenka zai gaya maka: da farko ƙara ce mai kaushi kamar ana taka tsakuwa, sannan ta koma sumul. Da ta yi laushi, goge ka duba. Abin da kake nema zobe ne mai launin toka, faɗinsa ɗaya, ba yankewa, a supap da mazauni duka.

Minti biyu ko uku sun ishi supap guda. In ka kai minti goma bai fito ba, ba ƙarin pat yake so ba, yanka yake so. Kada ka ɗaura shi a injin huda ka sake masa gudu ta gefe guda, kwari zai tona a fuskar, ya riƙe kananzir da sanyi, ya saki da zafi. Kuma ko ƙwayar pat kada ta kusanci ƙafa ko gid.

Wanke komai da kananzir, sannan ruwan zafi da sabulu, a bi cikin gid da ɗan burushi, a busa da iska. Goga farin ƙyalle, in ya fito da toka-toka, sake wanki. Pat yashi ne, wanda ya rage zai ci gaba da aikinsa a cikin inji. Mu da ke aiki a fili kuma, iskar hunturu tana kawo nata yashin kyauta, don haka kulas ɗin da aka wanke a rufe shi da leda nan take, kuma kada a haɗa shi a ƙasa.

Haɗawa

Tsayar da resor a kan gilashi kusa da ƙarfe mai kusurwa. Wanda ya karkace ya kai milimita 2, ko ya gajarta a kan ƴan'uwansa, canja shi. Robobin kan gid sababbi ake sawa kullum, a lura na shiga da na fita sukan bambanta. Shafa mai a ƙafa, zura supap a raminsa na asali, resor, hula, matse, sa kilabet da ɗan giris don su manne. Bayan ka saki, ɗaga kulas a kan katako biyu ka ɗan bugi kan ƙafar da gudumar roba don su zauna. Sake gwajin kananzir, ka ba shi minti biyar. Sai an gwada akan san na ƙwarai, wanda ya yi danshi ya sake fitowa.

Share ramukan notuna a jikin inji, kada mai ko ruwa ya kwanta a ciki, yana iya tsaga ƙarfen in an ɗaure. Juwan sabo, a bushe, fuskarsa ta sama a sama. A injunan gazuwal irin 3L da 5L kaurinsa ya danganta da yadda fistan ya ɗago, duba alamar tsohon. Ɗauri daga tsakiya zuwa gefe, mataki-mataki, da lakile mai awo, wato sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri. Inda littafi ya ce a ƙara digiri 90, a sa alama da fenti a ƙara, kuma notin da ya miƙe a canja shi.

Giɓin supap dole a sake shi, domin duk wanda aka yanka wa mazauni ya nutse, giɓinsa ya ragu. A 4A-FE da sanyi, na shiga milimita 0.15 zuwa 0.25, na fita 0.25 zuwa 0.35. Wanda ya ɗan yi sako ƙara kawai zai yi, wanda ya matse kuwa ba zai rufe ba in ya yi zafi, ya ƙone cikin ƴan watanni. Juya inji da hannu zagaye biyu, ka ga alamomi sun dawo wurinsu ba abin da ya tokare, sannan ka sa makulli.

Kafin motar ta fita, nemo abin da ya kawo ta. Radiyato da ya toshe, fanka, famfon ruwa, tamosta mai daidaita zafin ruwan inji da wani ya cire ya yar. Buɗe gidan matatar iska ka shafa yatsa a bututun da ke bayanta. In ka ji ƙura, to ita ce ta cinye supap na shiga da gid ɗinsu, kuma a hanyar Tanut ko Gure ba za ta ɗauki lokaci ba ta sake. Canja matatar, ɗaure bututun, canja man inji. Ka ce wa mai motar, "Alhaji, in ta yi kilomita 1000 a dawo da ita da safe kafin ta yi zafi, zan sake auna giɓin supap in duba ruwa."